Shawarar Lauya: "Motata ce ke tuƙa kanta, wa zai ɗauki laifin hatsarin?"

Metir, salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina da taksi biyu a gari. Bara na sayi wata mota ta hannu da aka shigo da ita daga Dubai ta Duwala, na sa ta haya, tana ɗauko baƙi daga filin jirgi. Dillalin da ya sayar mini ya ce tana tuƙa kanta, tana kuma taka birki da kanta in ta ga abu a gabanta. Makon jiya direbana ya kunna mata na'urar ya saki sitiyari, ta shiga wata mahaɗa wajen Yelwa ba ta tsaya ba, ta buge ɗan acaba da matar da ya goyo. Shi ya karye a ƙafa, ita tana asibiti da rauni a ka. 'Yan sanda sun riƙe motar. Ɗana ya nuna mini a waya cewa a Amurka an tsayar da taksi marar direba, aka rasa wanda za a rubuta wa tara. To tunda na'ura ke tuƙi a lokacin, ina ganin ni da direbana ba ruwanmu, kamfanin da ya ƙera motar ne zai biya. Dangin matar suna ta aikowa, ban ba su amsa ba tukuna. Ta ina zan fara ƙarar kamfanin?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba waɗanda suka ji rauni lafiya, ya kiyaye gaba. Amsata ta dogara ne a kan abin da ka rubuto kawai, in takardu suka nuna wani abu daban tana iya sauyawa. Amma tun yanzu ina roƙonka ka ajiye maganar ƙarar kamfani a gefe, domin tana cinye maka kwanakin da ya kamata ka yi wani abu da su.

Labarin da ɗanka ya nuna maka gaskiya ne. A watan Satumba na 2025 ne, a garin San Bruno kusa da San Faransisko a jihar Kalifoniya. 'Yan sanda suka ga taksi ta kamfanin Waymo ta yi juyi a inda aka hana, suka tsayar da ita, suka leƙa ba kowa a kujerar direba. Ba su rubuta tara ba, saboda dokar jihar a lokacin mutum take rubuta wa tarar laifin tuƙi, sai suka sanar da kamfanin. Giɓi ne a takardar tara, kuma tun kafin wannan rana an yi dokar toshe shi: an sa mata hannu a 2024, aka ajiye 1 ga Yuli 2026 ranar fara aikinta, ta ba ɗan sanda ikon rubuta wa kamfanin takardar saɓa doka. A jihar Texas kuwa, dokar da aka yi a 2017 ta ce mai na'urar tuƙin shi ake ɗauka a matsayin direba wajen laifin hanya, yana cikin motar ko ba ya ciki. Ka lura da wannan, Alhaji: da aka rasa direba, wajen mai abin aka juya.

Kuma rashin tara bai taɓa zama rashin alhaki ba. A Oktoba 2023, a San Faransisko, wata mota mai direba ta buge wata mata ta jefa ta gaban taksin kamfanin Cruise. Taksin ta tsaya a kan matar, sannan ta yunƙura za ta koma gefen hanya, ta ja ta a ƙasa kusan mita shida. Cikin watan hukumar jihar ta dakatar da izinin kamfanin, a ƙarshen 2024 kuma General Motors, uwar kamfanin, ta janye daga harkar taksin gaba ɗaya.

Wanda ya fi kama da naka shi ne na garin Tempe a jihar Arizona, cikin Maris 2018. Motar gwaji ta kamfanin Uber tana tuƙa kanta da dare, ta buge wata mata da ke tsallaka titi tana tura keke, matar ta rasu. Akwai ma'aikaciya a kujerar direba, aikinta ta karɓi tuƙi in abu ya taso, hankalinta kuwa ba ya kan hanya. Masu gabatar da ƙara ba su tuhumi kamfanin da laifi ba. Ita aka tuhuma, a 2023 ta amsa laifi aka yanke mata shekara uku ƙarƙashin sa ido. Kamfanin kuwa tun cikin makonnin farko ya sasanta da dangin mamaciyar. A ƙasar da ake ƙera waɗannan na'urori ke nan.

Sannan motarka, a yadda ka siffanta ta, ba irin ta Waymo ba ce. Waccan tana yawo ne a titunan da aka zana mata taswirarsu dalla-dalla, da izini na musamman daga hukuma, da ma'aikata a ofis masu taimaka mata in ta rikice. Taka tana da abin da ke taimakon direba: ta riƙe layi, ta daidaita gudu da motar gaba, wani lokaci ta taka birki. Mafi yawan irin waɗannan na'urori farin layin titi suke bi, kai kuma ka san yadda ƙura da rana suke yi wa fenti a titunan Garwa, ka san yadda 'yan acaba ke ɓullowa ta kowace kusurwa. Ka buɗe littafin da ya zo da motar, in dillalin ya ba ka shi. Kusan tabbas za ka tarar an rubuta cewa direba ya riƙe sitiyari, ya sa ido a hanya, alhakin tuƙi yana wuyansa. Wannan shafin shi lauyan kamfanin zai fara ɗaga maka. Gaskiya ne Faransa ta yi doka a 2021 da ke ɗora wa mai ƙera mota laifi in na'urarsa ce ke riƙe da tuƙi bisa sharuɗɗanta, Birtaniya ma ta yi tata a 2024, amma waɗannan dokoki ba su aiki a Kamaru, kuma an yi su ne don motocin da hukuma ta tantance cewa suna tuƙa kansu.

A nan gida dokar hanya ta 2001 ta ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, wadda mu da Chadi muke bi, an gina ta ne a kan direba ɗan Adam mai permi, wato lasisin tuƙi, wanda ake so ya kasance yana da iko da motarsa a kowane lokaci. Don haka ta fuskar laifi, direbanka ne a gaba. Sashe na 289 na kundin hukunta laifuka na 2016 ya tanadi ɗaurin wata uku zuwa shekara biyar da tarar sefa 10,000 zuwa 500,000, ko ɗaya daga ciki, ga wanda ya jawo mutuwa ko rauni mai tsanani ta hanyar sakaci, ganganci ko rashin bin ƙa'ida. Yawan kwanakin rashin iya aiki da likita ya rubuta yana da nauyi a nan, musamman in sun haura 30, karaya kuwa da wuya ta gaza hakan. Abin da ke damuna shi ne, maganar da direbanka yake ganin za ta wanke shi ita ce za ta ɗaure shi. Duk wanda ya ce wa alƙali "na saki sitiyari na bar wa na'ura" ya amsa ganganci da bakinsa. Ba ina cewa ya ɓoye gaskiya ba, kada ya kuskura. Ina cewa ya samu lauya kafin a sake kiransa. Kai kanka, galibi laifin tuƙi ba ya hawa kan mai mota da ba ya ciki, sai dai in an nuna kai ka umarce shi ya riƙa tuƙi haka, ko takardun motar ba su cika ba. In kuma da sunan kamfaninka aka yi rajistarta, ka sani tun 2016 ana iya tuhumar kamfani shi kansa.

Ta fuskar diyya kuwa, da ruwanka har wuya. Sashe na 1384 na dokar farar hula ya ɗora wa mutum alhakin ɓarnar abin da ke hannunsa, da ɓarnar ma'aikacinsa a bakin aiki. Motar taka ce, direban naka ne, a kan aikinka yake. Dokar asirans, wato inshora, ta CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da ke tsara wannan harka, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, ta ƙara rufe ƙofar da kake son bi: mai mota ko direba ba zai kare kansa daga wanda aka buge da cewa laifin wani na uku ne ba. Ko da gobe an tabbatar na'urar ce ta lalace, matar nan ba a ce ta je ta nemi kamfani a wata nahiya ba. Ita fasinja ce, ana biyanta ba tare da an tsaya neman nata kuskuren ba. Ɗan acaban dabam yake, domin shi ma direba ne a idon doka, in PV, wato rahoton hatsari na 'yan sanda, ya nuna yana da nasa laifin, ana iya rage masa diyya ko a hana shi. Kada ka gina komai a kan wannan kafin ka ga abin da aka rubuta.

Wanda zai biya a zahiri shi ne kamfanin asirans ɗinka, in komai na kan ƙa'ida. Ina fata ka riga ka sanar da su a rubuce. Wa'adin da aka saba sawa kwana biyar ne na aiki, ka ce makon jiya abin ya faru, to in ba ka yi ba, yau ka yi, ka karɓi shaidar sun karɓa. Jinkirinka ba zai hana a biya masu rauni ba, amma yana iya ba kamfanin hujjar juyowa kanka. Ka kuma duba abu biyu a takardar: an biya kuɗin asirans ɗin kafin ranar hatsari, kuma a matsayin me aka yi wa motar asirans, motar gida ko motar haya? Masu mota da yawa suna yin na motar gida saboda sauƙi, su sa ta haya. In haka ka yi, lamarin ya ƙara nauyi, ka zauna da lauya da kwangilar a hannu kafin ka ce wa kowa komai.

Sauran tafiyar sananniya ce. PV zai isa wurin kamfanin asirans, likita zai tantance rauni, kamfanin zai gabatar da tayin diyya cikin wa'adin da doka ta yanka masa, bisa jadawalin da ke lissafi da mafi ƙarancin albashi. Dokar da kanta ta sa sulhu a gaba da shari'a: ba a kai rigimar diyya da kamfanin gaban alƙali sai wa'adin tayin ya cika. Mai raunin da ya sa hannu kan sulhun kuma yana da kwana 15 da zai iya janyewa a rubuce in sulhun bai bi ƙa'ida ba.

Yanzu maganar dangin matar. Shirun da ka yi musu shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a wasiƙarka. Mutanen da 'yarsu ke kwance, suna sayen magani da kuɗin aljihunsu, in suka aiko sau uku ba amsa, na huɗu gaban mai gabatar da ƙara za su je, kuma da zafi za su je. Ka tafi asibiti da kanka, ka ɗauki dattijo ɗaya ko biyu, liman ko mai unguwa ko wanda Sarkin Hausawa zai wakilta, ka duba ta, ka duba ɗan acaban shi ma. Ka ɗauki nauyin magani gwargwadon ƙarfinka, kowace takardar magani da kowane rasit ka ajiye kwafi. Amma ka kiyaye: kada ka sa hannu kan takardar da ke cewa ka ɗauki dukkan laifi, ko ka yi alkawarin wani adadi, ba da sanin kamfanin asirans ba. Yawancin kwangiloli suna cewa sulhun da aka yi a bayansu bai hau kansu ba, sai ka wayi gari kai kaɗai ke biya. A rubuta cewa taimakon jinya ne, a sa kwanan wata, shaidu su sa hannu. Kuma kada dattawa su ce maka in an yafe a zaure shi ke nan an rufe fayil. Tuhumar laifi ta hukuma ce, tana iya ci gaba ko dangi sun janye, duk da cewa alƙalai sukan duba halin da mai mota ya nuna wajen sassauci.

Dillalin kuwa, ban ga dalilin da zai sa ya yi barci ba alhali kai kana zarya tsakanin komisariya da asibiti. Mutum ya sayar da motar da za ta ɗauki rayuka, ya ce tana tuƙa kanta don kawai ya ƙara kuɗi, wannan ba wayon ciniki ba ne. Shi yana kusa, ana iya kama shi da magana, ba kamar kamfanin da ke ƙetare ba, wanda ƙararsa ke bukatar ƙwararren da zai ciro bayanan kwamfutar motar, da kuɗin da wataƙila ya fi kuɗin motar, a kan motar hannu da ba a san sau nawa aka taɓa ta ba kafin ta iso Duwala. Amma ko shi dillalin, sai da hujja. Ka binciki wayarka: saƙon murya na WhatsApp, hoton talla, takardar ciniki, wanda ya ji da kunnensa. In baki da baki ne kawai, zai ce bai faɗa ba. In akwai shaida, a fara aika masa takardar gargaɗi ta hannun lauya, a kira shi zama gaban shugabannin dillalai, a nemi ya ɗauki wani kaso na asarar da asirans ba ta rufe ba. Irin wannan ƙara tana da gajeren wa'adi, kada ka bar ta ta kwana da yawa.

In an sako maka motar, kada ka bari bakanike ya goge ko ya sake saita kwamfutarta kafin lauyanka ya ce a yi, kada kuma ka sayar da ita yanzu. In kuwa za ta koma aiki, ka rubuta wa direba umarni cewa an hana kunna na'urar nan a cikin gari, ya sa hannu, ka ajiye kwafi ɗaya tare da takardun motar.