Dubi wannan yatsan tukuna

Kai yaro, wai tambayarka ita ce don me nake matsa muku, ku masu cafe ƙwallo a besbol, ku canza alamar yatsu da kuke nuna wa mai jifa da zarar abokin hamayya ya taka tasha ta biyu, inda yake hango yatsunku, tunda ga na'urar PitchCom da babban lig ɗin besbol na Amurka ya amince da ita tun 2022: ka danna maɓalli, mai jifa ya ji a cikin hularsa. Wato ku yanzu ƙirga yatsu ma aiki ne. Ranar da na'urar ta ƙi fa?

Yatsa ɗaya ƙwallo miƙaƙƙiya, biyu mai lanƙwasa, wannan ko ɗan goye ya sani, ba zan ɓata yawuna ba. Dubi manunin hannuna na dama, ka ga ya ƙi miƙewa?

Shekarata ta shida ke nan ina tsugunon cafe ƙwallo a ƙaramin lig, kwana a bas, gwiwa kullum cikin ƙanƙara. Ran nan aka raɗa mini cewa mai farautar 'yan wasa yana cikin 'yan kallo, ni ya zo gani. Zagaye na takwas, ga mutum a tasha ta biyu yana leƙen yatsuna. Na taka har wurin mai jifa, na kare baki da safar hannu, na ce alama ta biyu ce tamu. Ya gyaɗa kai. Na koma na nuna ɗaya, na nuna biyu, na kai gwiwa ƙasa ina jiran ta faɗo. Sai ya sako miƙaƙƙiya, mil 90 a awa. Tsakaninmu ƙafa 60 da inci 6, ko rabin daƙiƙa ba ta yi a hanya. Shahararren mai cafewa Johnny Bench ya daɗe da nuna wa duniya a ɓoye hannun jifa, ni kuwa girman kai ya sa nawa yana gefen safa. Ƙas! Ƙwallo ta yi baya, mutumin ya wuce ta uku, daga nan gida.

Karayar ba ta ci mini rai kamar abin da ya biyo ba. A ɗakin canza kaya, da kunnena na ji shi yana rantse wa manaja wai ni na rikita alama. Shi aka ɗaga sama a kakar da ta biyo. Ni ina gida da filasta, wani yaro ya gaje gurbina.

Haka sana'ar take. A wasa na huɗu na gasar cin kofi ta World Series ta 1941 ƙwallo ta kuɓuce wa Mickey Owen, mai cafewa na ƙungiyar Dodgers, saura mutum ɗaya a tashi, Yankees suka juya wasan 7 da 4. Har yau shi ake zagi, Hugh Casey da ya jefa ta kuwa sai 'yan tsiraru ke tunawa. Mai cafewa shi kaɗai ke fuskantar fili duka, shi ke shan laifin kowa, don haka ka ga tsofaffin masu cafewa irin su Yogi Berra da Joe Torre da Bruce Bochy mai kofi huɗu sun zama manajoji.

In ka faɗa wa mai jifa alama, sa shi ya maimaita da bakinsa. Ɗauko kwalkwalinka, akwai ƙwallo 50 da za ka tare a ƙasa, kuma hannun nan ya koma bayan cinya.