Kuɗin Laraba da mutumin Samaru

Ɗana, saƙonka ya same ni a rumfa jiya bayan La'asar, na sa yaro ya kunna mini shi har sau biyu. Wai kana tambaya ko kuɗin Laraba da ake kai wa malamin allo dole ne, ko kuwa al'ada ce da za ka iya ajiyewa tunda kana biya wa yara kuɗin boko. Nan na yi dariya. Abin da ka ɗora a kai shi ya hana ni barci, da ka ce haka gwamnati take zuba kuɗi a jami'o'i da sunan bincike, mutum na zaune ana ciyar da shi, ba a ga abin da ya tsinana ba.

Kai a Agege ka buɗe ido ka gan ni cikin huhun goro, sai ka ɗauka goro ne ya kawo ni Ikko. Gyaɗa ce ta koro ni. A 1975, ba mu gama farfaɗowa daga farin 1973 ba, kakanka ya shuka gyaɗa a gonarmu ta bayan gari. Ta tsiro gwanin sha'awa, har ana lissafin buhunan da za a kai ma'auni a yi wa mahaifiyarka kayan ɗaki. Sai darɓa ta sauka. Kafin a ankara ganye ya yi rawaya ya ƙanƙance, kowane gindi ya dunƙule ya ƙi yaɗo. Kuturtar gyaɗa ke nan. Ka tuge gindi ka kakkaɓe, ba ko ƙwaya. Daga mu har maƙwabta, har ƙauyukan da ke gaba, labari ɗaya ne.

Ana cikin haka wata safiya mota ta tsaya a bakin gona. Malamin gona ne da wani baƙo, aka ce daga Samaru ta Zariya yake. Mutumin nan ya durƙusa cikin kunya da wandonsa mai kyau, yana juya ganye ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa, yana rubutu, wani ya tsinke ya sa a ambulan. Har rana ta take bai ɗago ba. Ni da ƙuruciya da zafin asara na ce, yadda zai ji, mu hatsi muke nema an aiko mana mai biro. Kakanka bai tanka mini a gaban baƙo ba. Ya aika gida aka damo fura, ya miƙa masa da hannunsa. Sai da motar ta tashi ya dube ni ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Ya ce mahaifinsa kan ce unguwar da ta bar malaminta ya fita neman abin miya, ranar da take neman fatawa sai ta tarar da zaurensa a rufe.

Na daɗe kafin in gane. Wurin nan na Samaru tun 1922 ake gwajin iri a cikinsa, ya koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Gyaɗa mai jure kuturta akwai ta, amma tana daɗewa ba ta nuna ba, damunarmu kuwa gajera ce. Haɗa juriya da saurin nuna ya ci sama da shekara 20, ana shukawa ana zaɓe, damuna bayan damuna, kafin a samu irin SAMNUT da 'yan'uwanka suke shukawa a gida yau. Gaya mini ɗan kasuwar da zai binne kuɗinsa shekara 20. Ni goro in ya yi mini wata biyu a rumfa hankalina ya tashi. Baitulmali ne kaɗai ke da wannan haƙurin. Da can sarki da attajirai da akushin unguwa ke riƙe da mai ilimi. Tun 1993 aka fara ɗora wa kamfanoni haraji domin ilimi, yau kuɗin da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ke rabawa shi ke ɗauke da wani ɓangare na nauyin.

Ai kana nan a 2014 da Ebola ta shigo. A ɗakin gwajin da ke Idi-Araba, kusa da gidan gwaggonka, aka duba jinin aka gane cutar. Waɗanda suka gane ta ba ranar aka koya musu ba.

Ku yaran yanzu komai sai kun ji ƙararsa a waya kamar shigowar kuɗi kafin ku yarda da shi. A 2022 jami'o'in gwamnati suka yi wata 8 a rufe saboda yajin aiki, malamai na ta haɗa kaya zuwa Ingila da Saudiyya, mu kuma a majalisa hirar ƙwallo muke yi. Na yarda akwai masu cin kuɗin nan, amma in guga ya yi yoyo guga ake ɗinkewa, ba a cike rijiya. Mutumin nan na Samaru kuwa ko sunansa ban tambaya ba, ban kuma nemi gafararsa ba, abin yana damuna har yau.

Maganar hukuncin kuɗin Laraba, ka zo Juma'a in an sauko masallaci mu je wajen liman tare. Kakarka dai ko a shekarar kuturta, da ba ko kwabo a gidan, gero take aunawa a ɗan ƙoƙo ta ba ƙannena su kai wa malam. Ka gaida maiɗakinka da yara.