Ga mai shirin shiga gasar iyo, keke da gudu karo na farko

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana zaune a unguwar Nima a Akra, kana buga ƙwallo, kilomita 10 ba ya ba ka tsoro a guje, iyo kuwa sama-sama ka iya, kuma saura wata uku a yi gasar tirayatilon, wato iyo, keke da gudu a haɗe, ta gajeren zango. Kana tambaya ko lokacin zai isa, da kuma ko dole sai ka sayi keken tsere.

Wata uku zai isa, in sha Allahu, amma kuɗin da ka ware wa keke ka kai su wurin koyon iyo. Gajeren zango dai iyo ne na mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5, a jere, agogo ba ya tsayawa ko lokacin da kake sauya takalmi. Rabin zangon da ake yi a Olimfik ke nan. Sabon shiga yakan gama cikin awa ɗaya da rabi zuwa awa biyu. Mai ƙwallo irinka ko keke ya gajiyar da shi zai lallaɓa ya kai, gudu ma in ya gagara a yi tafiya. Ruwa ne kaɗai ba a tsayawa a huta da ƙafa a ƙasa.

Ka fara auna kanka a tafkin iyo, irin na Jami'ar Ghana da ke Legon ko na filin wasanni na Borteyman, bayan ka tambayi lokacin da suke buɗe wa jama'a. A tafki mai tsawon mita 25, mita 750 tsallakawa 30 ce. A mai mita 50 kuwa 15 ce. Yawancin 'yan ƙwallo suna ƙarewa ne a tsallakawa ta biyu ko ta uku suna haki, su ɗauka huhunsu ne bai da ƙarfi. Ba huhu ba ne. Suna riƙe numfashi ne a cikin ruwa, sai sun ɗago kai su yi ƙoƙarin fitarwa da shaƙa a lokaci guda, iskar da ta gurɓata ta taru a ƙirji, tsoro ya biyo baya. Muddin fuskarka na cikin ruwa ka riƙa hura iska ta hanci a hankali, in ka juya gefe shaƙa kawai za ka yi. Kada ka ɗaga kai gaba ɗaya: kai na tashi, ƙugu da ƙafafu suna nutsewa, sai ka koma jan jikinka a karkace. Kunne ɗaya ya zauna a ruwa. Na biyu, rage bugun ƙafa. Cinyar ɗan ƙwallo tana cin iska sosai, ga shi ba ta tura mutum gaba yadda hannu ke yi. Bugu kaɗan da zai hana ƙafa nutsewa ya wadatar, ƙarfin ka adana wa feda. Ka nemi mai koyarwa ko da zama huɗu ko biyar ne, don abin da idonsa zai gani a minti goma kai ba za ka ji shi a jikinka ba.

Iyo sau uku a mako. Makonnin farko ka yi mita 50 sau goma da hutun daƙiƙa 30, daga baya mita 100 sau takwas, har ka kai mita 800 ba tsayawa kamar mako uku kafin gasar.

Ka tambayi masu shirya gasar tun yanzu a ina za a yi iyon, don tafki daban, teku daban. A teku babu layin da za ka bi a ƙasa, babu bango, ga gishiri a baki, ga ƙafafun mutane a fuskarka. Dole ka koyi leƙe: duk bayan jan hannu shida zuwa takwas ka ɗan fito da idanu ka ga balan-balan ɗin da aka kafa alama, in ba haka ba mita 750 ta zama 900. Tekunmu kuma ba ta wasa. A Labadi da sauran bakin ruwan Akra akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi. In ya ɗauke ka kada ka yi kokawa da shi kai tsaye, ka yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, har ka fita daga jansa. Kada ka taɓa shiga kai kaɗai, kuma ka ba teku kwana biyu ko uku bayan ruwan sama mai yawa, saboda duk abin da kwatocin gari da kogin Odaw suka kwaso can yake zuwa. Ruwan daɗi irin na tafkin Volta kuwa akwai tsargiya, ba wurin atisaye ba ne. Ranar gasa ka tsaya a baya ko a gefe, ka ƙirga goma bayan an busa usur sannan ka shiga. In numfashi ya sarƙe, ka juya rigingine ka huta, ko ka kama kwale-kwalen masu tsaro, hakan bai fitar da kai daga gasa matuƙar bai ja ka gaba ba. Rigar roba ta sanyi da kake gani a hotunan Turawa manta da ita, ruwanmu yawanci ya fi ɗumin da ake yarda a sa ta.

Keke kuwa wanda kake da shi ya isa in birkinsa biyu suna kamawa kuma giyarsa na shiga. In tayarsa mai ƙuraje ce irin ta daji, sauya ta da mai santsi, nan take za ka ji bambanci a kwalta. Daidaita sirdi: ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa, ƙafa ta miƙe sak, in sirdin ya yi ƙasa gwiwa ce za ta biya. Ka cika iska kamar yadda aka rubuta a gefen tayar, don taya mai laushi in ta faɗa rami bakin ƙarfen ne ke cizon tiyub ya huda shi wuri biyu. Ka ɗauki tiyub na ajiya da ƙaramin famfo, ka kuma koyi sauyawa da hannunka, ranar gasa babu mai faci a hanya. Hular kwano wajibi ce. Atisaye sai da sassafe bayan sallar asuba, musamman Lahadi kafin turotoro da okada su cika titi. Cikin Legon ya fi kwanciyar hankali. Hawan dutsen Aburi daga Ayi Mensah yana gina ƙafa, amma saukowar tana son birki mai kyau da hankali. Keke sau biyu a mako, gudu sau biyu, da kwana ɗaya na cikakken hutu.

Abin da ke ba masu gudu mamaki shi ne sauka daga keke. Ƙafa takan zama kamar an ɗaura mata buhun siminti, domin tsokar ta saba da juyawa kana zaune a sunkuye. Maganinsa daga mako na huɗu, duk ranar doguwar tafiyar keke, kana sauka ka sa takalmi ka yi gudun minti 10 zuwa 15. A gasar ma kilomita ta ƙarshe a kan keke ka saki giya mai nauyi, ka juya feda da sauri, sannan ka fara gudu da gajeren taku. Nauyin yakan saki bayan kamar kilomita ɗaya.

Wurin sauya kaya yana da dokokin da ake hukunta mutane a kansu. Ka ɗaure igiyar hular kwano kafin ka taɓa keke, kada ka kwance ta sai ka mayar da shi mazauninsa. Ba a hawa a cikin filin, turawa ake yi har a wuce layin hawa. A galibin gasannin masu sha'awa ba a yarda ka manne a bayan wani yana kare maka iska ba, ka bar tazarar da dokar gasar ta ƙayyade. Ba a yin keke ko gudu da ƙirji a buɗe. In kana son wandon da ya rufe gwiwa, ka nemi mai kama jiki da ba ya shan ruwa, ka sanar da masu shirya gasar tun wuri. Shimfiɗa ƙaramin tawul kusa da kekenka: takalmi a buɗe, lambarka, da gorar ruwa ta wanke yashi, don yashi a cikin safa ƙuna ce kafin kilomita ta uku. Ka shafa basilin a hammata da tsakanin cinyoyi, ruwan gishiri da gumi suna saɓule fata.

Karin kumallo awa biyu da rabi zuwa uku kafin a fara: koko maras yaji sosai, burodi, ayaba. Wake da shinkafa da shito a bar su sai an gama, haka ƙosai. Gora ɗaya ta rabin lita a kan keke ta isa, kurɓi biyu duk minti goma, ba a shanye ta a tashi ɗaya ba, in ba haka ba ruwan ya riƙa kaɗawa a ciki lokacin gudu. Gudun ne zai faɗo daidai lokacin da rana ta ɗaga, ga damshin iskar Akra da ke hana gumi bushewa, don haka a kowane wurin ba da ruwa ka zuba a kai da wuya. In ka ji sanyi da tashin tsigar jiki cikin wannan zafin, ko jiri, ko tunani ya fara rikicewa, tsaya ka nemi ma'aikatan lafiya. Zazzaɓi kuma in ya kama ka a tsakiyar shiri, a yi gwajin maleriya, a daina atisaye har ya sake ka sarai.

Makon ƙarshe ka rage komai zuwa rabi, kada ka sa sabon takalmi ko sabon tabarau na iyo ranar gasa, kuma ka kai keke wurin mai gyara kwana uku kafin nan, don ka samu damar hawansa ka ji ko gyaran ya zauna.