Ina son yin masta kan yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, ta ina zan fara?

Tambaya: Salamu alaikum Dakta. Ni ma'aikacin jinya ne a wani CSI (ƙaramin asibiti) cikin gundumar Magaria ta jihar Damagaram, ina da lisansi (digirin farko). Ina son in ci gaba da karatu, masta a fannin lafiyar al'umma ɓangaren rigakafi da daƙile annoba, amma wasu na ce min sai likita ke yin shi. Gaskiya ne? Me ake koyo ciki, kuma a ina ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya ce ma sai likita bai san zancen ba. A ajin wannan masta za ka tarar da likitoci, da ma'aikatan jinya, da masu aikin labo, da likitocin dabbobi ma, abin da makarantu suka fi dubawa shi ne lisansi a fannin lafiya da shekarun da ka yi kana aiki. Amma tun yanzu ka san wani abu, karatun nan ba zai ƙara maka iya duba maras lafiya ba. Ƙirga zai koya maka, da yanke shawara kan abin da ka ƙirga. In lissafi na ba ka ciwon kai to ka sake tunani tun kafin ka biya kuɗin rajista.

Mu ɗauki sanƙarau tunda mu nan Damagaram mun san shi duk shekara in hunturu ya shigo da ƙurarsa. Kai a CSI yaro ya zo da zazzaɓi, wuya ya sanƙare, ka ba shi maganin seftiriyakzon ka tura shi gaba, naka ya ƙare. Wanda ya yi wannan karatu tambayarsa daban ce: yara nawa irin wannan aka gani cikin satin nan, daga waɗanne garuruwa, kuma cikin mutum nawa? Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, in aka samu mutum 3 cikin kowane 100,000 a sati ɗaya an shiga gargaɗi, in ya kai 10 annoba ce. To ka ce yankinka mutum 60,000 ne, mutum 2 a sati sun isa ka tada hankalin gunduma, mutum 6 kuwa maganar neman allurar rigakafi ce ba jira. Ka ga ita wannan takardar MDO, ta cututtukan da dole a kai rahotonsu, da kuke cikawa duk sati kuna ganin kamar wahalar banza ce, a kanta komai ya tsaya, in majo, wato shugaban CSI, ya rubuta sifiri don ya gaji to annoba na iya yin sati biyu tana cin mutane ba wanda ya sani.

Bayan ƙirga sai sanin wace ƙwayar cuta ce, nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. A Disamban 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina, ta kusa kawar da nau'in A wanda shi ne ya fi kashe mutane a da. Sai a 2015 nau'in C ya ɓarke a Nijar, sama da mutum 8,000 suka kamu, fiye da 500 suka rasu, kuma waccan allura ba ta kare shi. Haka wadda ta same mu nan jihar, daga farkon Nuwamban 2022 zuwa ƙarshen Janairun 2023 an lissafa mutum 559, 18 suka rasu, galibi nau'in C ne. Shi ya sa ake koya maka yadda ake ɗibar ruwan ƙashin baya, a zuba cikin kwalbar T-I, ta jigilar samfuri, wadda ba a sa ta a firiji bayan an zuba, a aika har CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, a tantance. Kuskure a nan yana nufin a kawo allurar da ba ita ake bukata ba. A 2024 ne aka fara amfani da Men5CV mai kare nau'i biyar, Najeriya ta fara, mu muka biyo.

Sauran darussan su ne kimiyyar yaɗuwar cuta, lissafin ƙididdiga, binciken annoba a fili, tsarin rigakafi da ajiye allurai tsakanin digiri 2 zuwa 8, tsafta cikin asibiti don kar maras lafiya ya kwashi wata cutar a gadon jinya, da aiki da kwamfuta, Excel da manhajojin alƙaluman lafiya Epi Info da DHIS2 da zana taswira. Akwai kuma yadda ake magana da jama'a, wanda ɗalibai ke rainawa, alhali in mai gari da liman ba su yarda da kai ba allurarka a kwali za ta koma.

Wuraren karatu: a Yamai akwai ISP, makarantar lafiyar al'umma, da kuma sashen lafiya na Jami'ar Abdou Moumouni. A Benin akwai IRSP ta Ouidah, ita ma makarantar lafiyar al'umma, tsohuwa ce a wannan fanni. A Wagadugu, Jami'ar Joseph Ki-Zerbo na da masta na shekara 2 kan binciken annoba a fili. In kana jin Turancin Ingilishi, ABU Zariya da Bayero ta Kano sun fi mana kusa da Yamai ma, sai dai ka tabbatar da maganar amincewa da takardar a gida kafin ka tafi. Ko wacce za ka zaɓa ka yi musu tambaya ɗaya: wata nawa ɗalibi ke yi a fili? Masta da aka gama shi kaf cikin aji ni dai ba na ganin ƙimarsa.

Shawarata gare ka, kar ka yi tsalle kai tsaye. Akwai horon FETP, na binciken annoba a fili, mai hawa uku, na farko kamar wata 3 kana kan aikinka, na tsakiya wata 9, na sama shekara 2. Ka je wajen CSE, masu sa ido kan cututtuka na gundumarku, ka nuna kana so, ka riƙa bin su in za a fita bincike, ko ƙyanda ce ko mashaƙo irin wanda ya taso Matameye a 2023. A nan za ka gane ko aikin ya dace da kai, kuma takardunka za su fi nauyi lokacin neman gurbi ko tallafin karatu. Sannan ka fara adana alƙaluman CSI ɗinku na shekarun baya da kyau, sati bayan sati, da garin da kowane maras lafiya ya fito har waɗanda suka tsallako daga Najeriya, don Magaria bakin iyaka ce kuma wannan kaɗai ya isa batun kundin kammala karatunka.