Karan da ya ƙi ruɓewa da ɓawon jatan lande

Tambaya: Malam, na binne karan dawa a gona da rani don ya zama taki. Damina ta sauka, masarar da na shuka a wurin ta yi ɗorawa, karan kuma yana nan da taurinsa. Me ya faru?

Amsa: Kara ba ya ruɓewa da kansa. Bakteriyar ƙasa da funfuna ne ke cinye shi. Babban abin da ke jikinsa salulos ne, wato zare mai tauri da aka ƙulla da sukari. Bakteriya ba ta da baki, sai ta fitar da wasu furotin da ake kira enzayim su daddatsa zaren, sannan ta tsotse. Akwai ma wani furotin da masu bincike a ƙasar Norway suka gano aikinsa a 2010: shi ke fara tsaga inda zaren ya dunƙule, da taimakon iskar oksijin, sauran su samu ƙofa.

Aikin ba ya tafiya a busasshiyar ƙasa, shi ya sa karanka ya wuce rani lafiya lau. Da ruwa ya zo bakteriya da funfuna suka hau ci, amma kara ba shi da isasshen naitirojin, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, sai suka kwashi na ƙasa suka bar masararka da yunwa. Bana ka sassare karan, ka jera shi a rami da kashin kaji ko na shanu. Ka jiƙa har in ka matse ya ɗan yi ɗigo, ka riƙa juyawa duk mako biyu. Ƙona shi kuwa asara ce kawai.

Tambaya: An ce ɓawon jatan lande yana maganin cutar saiwa. Gaskiya ne?

Amsa: Yana taimakawa, amma kar a mayar da shi magani. Ɓawon yana da kitin, abin da ke jikin ƙwari, da funfuna, da ƙwan tsutsar da ke kumbura saiwar tumatir. In ka zuba shi, bakteriya masu cin kitin irin su Streptomyces, masu kawo ƙamshin ruwan farko, sai su yawaita, enzayim ɗinsu ya lalata funfunan da ƙwan tsutsar ma. Ka wanke gishirin, ka daka, ka gauraya da ƙasa makonni kafin dashe, don ɗanyensa kan ƙona ƙananan shuka.