Amsa: ƙara ɗaya a kwalam ɗin lamba ba tare da lissafi ya ɓace ba

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana haɗa wa wani shago a kasuwar Terminus nan Jos manhaja, duk kayan da aka sayar kana karanto adadin daga rumbun bayanai da harshen rubuta manhaja na PHP, ka ƙara ɗaya, ka mayar, amma da yamma sai lissafi ya zo da giɓi.

Don Allah ka daina karanto lambar. Bar wa rumbun bayanan aikin da kansa:

UPDATE kaya SET an_sayar = an_sayar + 1 WHERE id = 7;

Wato a teburin kaya, ƙara ɗaya a kwalam ɗin an_sayar, inda ake ajiye adadin da aka sayar, na kayan da lambarsa (id) 7 ce. Ga inda giɓin yake fitowa. Yaran shago biyu, kowa da wayarsa, sun sayar da buhun shinkafa a daƙiƙa ɗaya. Dukansu sun karanto 40, kowa ya mayar da 41, alhali 42 ya kamata. Ciniki ɗaya ya tafi ke nan, kuma mai shago yaransa zai zarga, abin da ya fi damuna. Da umarnin sama, rumbun bayanai na MySQL mai injin ajiya na InnoDB yakan kulle layin kayan har na farko ya gama, sannan na biyu ya ɗora a kan 41.

Ka kula da NULL, wato gurbin da ba a sa masa komai ba, domin NULL + 1 NULL ne, ba 1 ba. Sa wa kwalam ɗin NOT NULL DEFAULT 0 don ya fara daga sifili, ko ka rubuta COALESCE(an_sayar, 0) + 1, wanda ke ɗaukar NULL a matsayin 0.

WHERE kuwa kada ka kuskura ka manta da shi, in ba haka ba kowane kaya a teburin zai ƙaru. Iyakar INT, wato nau'in kwalam na ajiye lamba, 2,147,483,647 ce, ta ishi shago.