Hukuncin cin frikandel da kroket ga baƙon da ya je Holan

TAMBAYA: Malam, wajen aikinmu sun turo ni kwas a Amsterdam. Abokan karatu suka kai ni shagon FEBO, inda ake jera soye-soye a akwatunan gilashi jikin bango, ka biya ka buɗe ka ɗauka. Na ci kroket, wani soyayyen curi mai nama a ciki, na naman sa, da dankali. Wani ɗan'uwa Musulmi ya ce ba komai, ai yankan Ahlul Kitabi ne, in yi bismillah kawai. Yanzu suna so in ɗanɗana frikandel. Mene ne hukunci?

AMSA: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin zuwa na biyu.

Frikandel kada ka taɓa shi. Niƙaƙƙen nama ne, kuma galibi ana haɗa kaza da alade a ciki, sai wanda aka rubuta halal a jikinsa. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Maganar abokinka ce ke buƙatarsa. Ayar Ma'ida gaskiya ce, abincin waɗanda aka bai wa Littafi halal ne gare mu. Amma malamai sun fassara abincin da abin da suka yanka, ba duk abin da ya mutu a hannunsu ba. A mahautan Holan na gama-gari ana harbin shanu da ƙarfe a goshi kafin wuƙa, kaji kuma ana sumar da su da iskar gas ko lantarki, wasu su mutu tun ba a zubar da jininsu ba. Wanda aka buge ya mutu da wanda aka shaƙe, surar nan ce dai ta haramta su, ayoyi biyu kafin wadda yake kafa hujja da ita. Sannan waye mai yankan? Tun 2017 alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar suka nuna fiye da rabin mutanenta ba sa bin wani addini.

Na san inda ake jingina: fatawar Alƙali Ibnul Arabi, Bamalike, kan Banasaren da ya murɗe wuyan kaza ya dafa, ya ce a ci. To shi da kansa ya faɗa a wani wurin cewa abin da suka kashe ta shaƙewa ko fasa kai mushe ne. Zantukansa biyu sun ci karo, malamai da dama kuma sun mayar masa da na farkon. Yaya za a ce abin da Musulmi zai yi ya zama mushe, in Kirista ya yi ya halatta? Shi kuwa hadisin Nana A'isha na "ku ambaci Allah ku ci", a kan Musulmi ne sababbin shiga, waɗanda ake kokwanton ko sun yi bismillah lokacin yanka. Bismillah ba ta mayar da mushe yankakke.

Abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi damuna, shi ne man suya. Shaguna da yawa a mai ɗaya suke tsoma frikandel da kroket da soyayyen cukun nan, kaassoufflé. In alade ya dahu a cikin mai, man ya najastu, duk abin da aka soya a ciki ya bi shi. Dankali sau da yawa ana ware masa tukunyarsa, amma ka buɗe baki ka tambaya. Mutanen can ba sa jin haushin tambaya kai tsaye.

Wanda ka riga ka ci, ka ci ne bisa maganar wanda ka amince wa, ka yi istigfari ka wuce, kada waswasi ya kama ka har ka soma rama salloli.

Ba kuma yunwa za ka zauna da ita ba. Kifi halal ne: haring da ake ci da albasa, da kibbeling, gutsattsarin kifi da ake tsomawa a ƙullu a soya, a rumfar masu kifi, sai dai ka tambaya ko an sa giya a ƙullun. Akwai kapsalon, soyayyen dankali da naman shawarma (shoarma) da cuku, wanda aka fara a Rotterdam a 2003, ka saya a shagon Turkawa ko 'yan Maroko masu halal, domin shoarma a wasu shagunan naman alade ce. Ka haddace kalmar "varken", alade ke nan, ka riƙa duba ta a jikin leda.

Za su gayyace ka zaman bayan aiki da ake cin bitterballen, ƙananan curi irin kroket. Teburin giya ne, ka ba da uzuri cikin mutunci. Shi kuma ɗan'uwan naka ka nuna masa wannan amsa ku biyu kaɗai, ba a gaban mutane ba.

Allah ne mafi sani.